Jagoran Tashi: Yadda A Ke Gina Shi, A Dasa Shi Cikin Allunan Da Ke Magana Ta Iska

Akwai wata tambaya da duk wanda ya yi nazarin na'urorin lissafi ba ya rasa cin karo da ita, ko da ya ke ba kowa ne ke tsayawa ya bi ta har gindinta ba. In dai kwamfuta ba ta iya motsawa sai da umurnin da aka rubuta mata, to, wane umurni ne ke sa ta ta ɗauko umurnin nan daga inda aka ajiye shi? Gama ɗaukowar ma aiki ne, aiki kuwa ba ya yiwuwa gare ta sai an gaya mata yadda za ta yi. Mutanen farko da suka yi fama da wannan matsala da hannu suka warware ta. A gaban kwamfutar PDP-8, wadda kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1965, akwai jerin makunnai, mai aiki ya kan zauna ya ɗora 'yan umurnai kaɗan ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga wannan makunni yana sauke wancan. 'Yan umurnan nan ba su san kome ba sai karanta tef na takarda mai huda-huda. Su ne za su karanto wani tsari da ya ɗan fi su wayo, shi kuma ya karanto ainihin aikin da a ke so a yi. Makunnan sun ɓace, tef ya koma gidan tarihi, amma wannan dabara ta hawa-hawa tana nan daram cikin ƙwayar da ba ta kai girman farce ba.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi don kada mu yi ta kewaye. Ɗan tsarin nan da ke fara tashi, Turawa na ce masa butloda, sunan kuwa daga wani zancensu na ba'a ya fito, na mutumin da ya ce zai ɗaga kansa sama ta jan maɗaurin takalminsa. Ba'ar ba ta zauna a Hausa ba, saboda haka a cikin wannan takarda zan kira shi jagora. Na'ura ta kan farka kamar makaho, ba ta san gabas ba balle yamma, sai ɗan jagora ya kama mata sanda ya kai ta ƙofar aikinta, sa'an nan ya koma gefe. Abin da masu gyaran wayar hannu ke kira ai-si, watau ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa, zan ce masa ƙwaya. Faifan da aka liƙa ta a kai tare da sauran tarkace, allo. Rubuta sabuwar manhaja cikin ma'ajiyar na'ura kuwa ba ya bukatar sabon suna, masu gyara sun riga sun sa masa filashin, kuma ya bi bakin jama'a.

Allunan da ke magana ta iska iri-iri ne, amma bayani in ba a ɗaure shi ga misali guda ba sai ya watse. Za mu ɗauki ESP32, ƙwayar kamfanin Espressif na birnin Shanghai a ƙasar Sin, wadda ta fito a 2016. Yayarta ESP8266 ce ta fara yin suna a 2014, sa'ad da masu ƙere-ƙere na sha'awa suka ga ana sayar da ɗan allo mai Wi-Fi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, alhali kusan duk takardun bayaninsa da Sinanci aka rubuta su, sai da mutane suka yi ta fassarawa suna gwadawa. ESP32 ta zo da ƙwaƙwalwa biyu masu gudu har megahaz 240, ga Wi-Fi ga Bluetooth. Irinta ce a ke sawa cikin fitilun da a ke kunnawa da wayar hannu, da ma'aunan zafi da laima, da makamantansu.

Abin da ya wajaba a fahimta tun farko shi ne ma'ajiya uku gare ta, ko wace da halinta. Ta farko an zana ta cikin jikin ƙwayar tun a masana'anta, kilobayit 448, ba ta gogewa, ba ta canzawa. Mu ce mata ma'ajiyar dutse. Ta biyu kilobayit 520 ce, mai saurin gaske, amma da an ɗauke wuta ta mance kome, ita ce ta wucin gadi. Ta uku ita ce filash, wadda galibi wata ƙwaya ce dabam a gefe, sau da yawa mai megabayit 4. Tana riƙe abin da aka rubuta mata ko babu wuta, ana kuma iya sake rubutawa. Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan shi ya ƙago irinta cikin shekarun 1980. Halinta ya yi kama da allon makaranta ƙwarai, ba a rubuta sabon karatu a kan tsoho sai an wanke. Wankakken wuri a filash duk ɗaya-ɗaya ne, rubutu kuwa shi ne mai da waɗansu ɗaya su zama sifiri, sifiri kuma ba ya komawa ɗaya sai da wanki. Wankin nan ba a yin sa harafi-harafi, sai fage guda, mafi ƙanƙanta bayit 4,096. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, gama kusan duk iyakokin da za mu gani nan gaba ninkinsa ne. (Masu wannan sana'a ba su ƙidaya adireshi da goma-goma, da sha shida-sha shida su ke yi, su sa 0x a gaba don alama. Saboda haka 0x1000 shi ne 4,096, 0x8000 shi ne 32,768, 0x10000 kuwa 65,536.)

To, an ba allo wuta. Abin da zai fara gudana shi ne jagoran da ke cikin ma'ajiyar dutse, jagoran farko ke nan, aikinsa kuwa kaɗan ne. Ya kan dubi waɗansu ƙafafun ƙwayar ya ga halin da su ke ciki a daidai lokacin farkawa. Babbarsu ita ce ƙafar da a ke kira GPIO0. In ya tarar da ita a sama, watau tana ɗauke da bolt 3.3, sai ya nufi filash. In ya tarar an ja ta ƙasa, sai ya zauna ya kasa kunne ga igiya, yana jiran a aiko masa da sabon rubutu. Maɓallin da aka rubuta wa BOOT a kan yawancin alluna ba abin da ya ke yi sai jan wannan ƙafa ƙasa, na kusa da shi mai EN kuwa shi ke sake tayar da ƙwayar. Akwai wata ƙafa, GPIO12, wadda ta jawo wa mutane da yawa ɓacin rai. Da ita a ke sanin ƙarfin wutar da za a ba filash: in tana ƙasa bolt 3.3, in tana sama bolt 1.8. Mai ƙira ya ga ƙafa ba kowa a kanta, ya ɗaura mata wani ma'auni wanda ke jan ta sama, sai allo ya ƙi tashi, domin filash mai son 3.3 an ba ta 1.8. Ya yi ta zargin manhajarsa kwana da kwanaki, alhali ba a ma kai ga manhajar ba.

In kome lafiya, jagoran farko zai je adireshi 0x1000 cikin filash ya karanta bayit na farko. Lalle ne ya tarar da 0xE9, watau 233, ita ce shaidar cewa abin da ke wurin manhaja ce, ba tarkace ba. Bayan wannan bayit akwai ɗan bayani: gunduwa nawa ke cikin manhajar, girman filash da saurinta, da adireshin da za a fara gudu. Sai ya kwashe gunduwoyin ya zuba su cikin ma'ajiyar wucin gadi, ya miƙa sanda ga abin da ya ɗauko. Wannan shi ne jagora na biyu, shi ne kuma wanda a ke ginawa, a ke dasawa. In wurin wankakke ne, allo zai yi ta maimaita saƙo guda, invalid header: 0xffffffff, ba iyaka. Jerin f ɗin nan ba wani abu ba ne illa ɗaya-ɗayan wankakken allo. A lura kuma, 0x1000 na ESP32 ta asali ne. A ƙannenta irin su ESP32-C3 da ESP32-S3, jagora na biyu a adireshi 0x0 ya ke zama, wanda duk ya bi bayanin wata ƙwaya a kan wata zai ajiye jagora inda ba mai zuwa neman sa.

Mai karatu zai ce, don me ba a sa jagoran farko ya yi aikin duka a huta ba? Amsar tana cikin wani abin dariya da ya faru da ESP8266. Jagoran farkonta an rubuta shi bisa zaton kiristal ɗin da ke ba ƙwayar lokaci zai zama mai megahaz 40, sa'an nan ya yi magana ta igiya da saurin bit 115,200 a daƙiƙa, kamar yadda aka saba. Sai masu yin alluna suka riƙa sa kiristal mai megahaz 26. In aka ɗauki 115,200 aka ninka da 26 aka raba da 40, za a sami 74,880, da wannan baƙon sauri kuwa allunan nan ke gaisuwar farkawa har yanzu. Wanda bai sani ba sai ya ga haruffa birkice a fuskar kwamfutarsa, ya ce allo ya lalace. Abin da aka zana cikin ma'ajiyar dutse ya zauna ke nan a kan ko wace ƙwaya da aka sayar. Domin haka a ke rage aikin jagoran farko iyakar ragewa, duk abin da a ke jin wata rana za a so a gyara shi a bar wa na biyu.

Jagora na biyu da ya tashi, ya kan fara da gyara hanyar da ke tsakanin ƙwaya da filash. In mai ƙira ya zaɓa, sai ya mai da zancensu daga layi biyu zuwa layi huɗu, ya ƙara sauri. Daga nan sai ya je 0x8000 ya karanta jadawalin rabo, wanda ke faɗin yadda aka yanka filash filaye-filaye: ga wurin ajiye saiti irin su sunan Wi-Fi da kalmar sirri, ga wurin babbar manhaja, ga girman ko wane. Ya zaɓi manhajar da za ta gudana, ya bi ta daga farko har ƙarshe yana lissafi iri na SHA-256, ya gwada abin da ya samu da wanda aka liƙa a wutsiyarta ran da aka gina ta. In bit guda ya canza lissafin ba zai yi daidai ba, shi kuwa ba zai tashe ta ba. In ya yi daidai, sai ya kwashi wani kashi zuwa ma'ajiyar wucin gadi, saura ya bar shi a filash ya buɗe wa ƙwaƙwalwa taga ta riƙa leƙawa. Tagar nan shafi-shafi ta ke buɗewa, ko wane shafi kilobayit 64, shi ya sa dole babbar manhaja ta fara a adireshin da ke ninkin 65,536, galibi 0x10000 kanta.

Tsakanin 0x1000 da 0x8000 akwai bayit 28,672 kacal, iyakar ɗakin jagora ke nan.

Ginin kansa ba a kan allo a ke yin sa ba, a kan kwamfuta ta sosai ne. Espressif ya ba da tarin kayan aiki kyauta mai suna ESP-IDF, a ciki akwai rubutun jagora gaba ɗaya da harshen C, kowa na iya karantawa ya gyara. Amma ƙwaya ba ta jin C, lambobi kaɗai ta sani, lambobin ma na jinsinta. ESP32 ta asali jinsin Xtensa ce, ESP32-C3 kuwa RISC-V, ba su jin juna. Saboda haka ana bukatar tafinta, watau manhajar da ke gudana a kan kwamfutarka amma tana fassara zuwa harshen ƙwayar da ka ambata mata. Tafintan da a ke amfani da shi reshe ne na GCC. Umurni na farko shi ne idf.py set-target esp32, da shi a ke gaya wa kayan aiki wace ƙwaya a ke nufi. Na biyu idf.py menuconfig, wanda ke buɗe jerin zaɓi: girman filash, saurinta, layi biyu ko huɗu, yawan surutun da jagora zai yi yana tashi, da inda jadawalin rabo zai zauna. Sa'an nan idf.py bootloader. Tafinta ya fassara fayil-fayil, wata manhaja ta haɗa gutsattsarin ta ba ko wane adireshinsa cikin ma'ajiyar wucin gadi, daga ƙarshe a fere duk abin da ƙwaya ba ta bukata, a sa 0xE9 ɗin nan a goshi. Abin da ya fito ɗan fayil ne, bootloader.bin.

A nan ne ƙuncin ɗaki ke bayyana. In aka ce jagora ya faɗi duk abin da ya ke yi dalla-dalla, kalmomin da zai faɗa su ma wuri su ke ci. In aka ƙara masa aikin duba hatimi, wanda za mu zo gare shi, sai ya ƙara ƙiba. Da ya wuce 28,672 ginin zai tsaya da ƙorafi. Magani shi ne a matsar da jadawalin rabo gaba, amma da ya matsa filayen da ke bayansa sun matsa. A kan teburin gwaji wannan ba kome ba ne. Ga na'urar da aka riga aka sayar kuwa, ta tafi gidajen mutane, matsar da jadawali abu ne mai hatsarin gaske. A ganina wanda ke shirin yin na'ura don sayarwa ya kamata ya bar wa jagora sarari tun ran farko, ko da yana ganin ɓarnar wuri ce. Wanda ke koyo kuwa bai da dalilin taɓa jagora sam. Masu amfani da manhajar Arduino a kan ESP32 ko wane lokaci suka danna maɓallin aikawa ana dasa masu jagoran da aka riga aka gina, tare da jadawali da manhajarsu, yawancinsu ba su ma sani ba.

Sauran dasawa. ESP32 ta asali ba ta jin USB, saboda haka a kan allo akwai wata 'yar ƙwaya, sau da yawa CP2102 ko CH340, mai juya zancen USB zuwa zancen layi biyu, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa. A gefen kwamfuta kuwa akwai esptool. Wani mai sha'awa, Fredrik Ahlberg, shi ya fara rubuta ta don ESP8266, Angus Gratton ya ci gaba da ita, daga baya kamfanin ya ɗauke ta ta zama tasa. In aka ba da umurnin idf.py bootloader-flash, ko idf.py flash don a rubuta kome da kome, esptool ce ke aiki a ƙarƙashi. Farko sai ta sa ƙwaya ta farka da GPIO0 a ƙasa. Don kada mutum ya yi ta danne-danne, masu alluna sun ari layuka biyu, DTR da RTS, waɗanda asalinsu na zamanin haɗa kwamfuta da layin tarho ne, suka ɗaura su ga EN da GPIO0 ta hanyar taransista biyu. Da an gaisa da jagoran farko, abin mamaki, esptool ba ta yarda ta yi dogon aiki da shi. Ta kan aika wani ɗan wakili nata cikin ma'ajiyar wucin gadi, wanda ya fi shi sauri, ya kuma san dabarun da shi bai sani ba. Da wakilin nan ta ke wanke filaye, ta aika rubutu a dunƙule, shi ya warware ya rubuta. Ko wane ƙunshin saƙo ana buɗe shi a rufe shi da bayit 0xC0, bisa tsarin SLIP wanda aka rubuta bayaninsa tun 1988. In an gama sai a yi lissafin MD5 a kan abin da ke filash, a gwada da na fayil, in sun dace a sake tayar da allo.

Mafi yawan gardamar da a ke sha a wannan mataki ba ta ilmi ba ce. Wata igiyar USB ta caji ce kawai, babu layukan zance a cikinta. Wata ta yi tsawo ko siriri, wuta ba ta isa, da Wi-Fi ya kunna ya ja ƙarfi sai ƙwaya ta suma ta sake farkawa. Wani allon kuma dabarar taransista ba ta kama shi, sai an riƙe BOOT da yatsa har a ga rubutu ya fara.

In wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta jagora fa? A ESP32 ba asara, muddin igiya na kusa, gama jagoran farko yana nan cikin dutse, a ja GPIO0 ƙasa a sake. Ba ko wace ƙwaya ke da wannan gata ba. nRF52840 ta kamfanin Nordic Semiconductor na Trondheim a ƙasar Norwe, wadda ta yi suna wajen Bluetooth, ba ta da jagoran dutse mai karɓar rubutu. Daga masana'anta wankakkiya ta ke zuwa, dasa mata jagora karo na farko kuwa sai da wata na'ura dabam, irin su J-Link, wadda a ke ɗaura wa ƙafafu biyu na musamman ta shiga ma'ajiya kai tsaye ba tare da neman izinin wata manhaja ba. Haka ma ƙwayar Arduino Uno, wadda jagoranta Optiboot bayit 512 ne kawai: in ya goge sai an nemo na'urar rubutu. Amma da an dasa wa nRF52840 jagoran kamfanin Adafruit na New York, sai ta fi ESP32 sauƙin hali. A danna maɓallin sake tayarwa sau biyu da sauri, allo ya bayyana a kwamfuta kamar ɗan faifan ajiya, a ja fayil a jefa ciki, shi ke nan. Faifan na ƙarya ne, jagora ne ke kwaikwayo. Fayil ɗin iri ne mai suna UF2, ƙirar kamfanin Microsoft, an yanka shi bulo-bulo na bayit 512, ko wane bulo ɗauke da lambarsa da adireshin da zai sauka. Ko kwamfuta ta aiko su a hargitse, jagora ya san mazaunin kowa.

Duk wannan zance na igiya ne. Amma amfanin allo mai magana ta iska shi ne a kai shi inda hannu ba ya kai wa da sauƙi, kan rufi, ko cikin gona, ko gidaje dubu a garuruwa dabam-dabam, a riƙa aika masa gyara daga nesa. A nan ne darajar jagora ke fitowa sosai, gama in sabuwar manhaja ta zo da aibi, ko wuta ta yanke tana rabin sauka, babu mai danna BOOT. Dabarar da a ke yi ita ce a yanka wa babbar manhaja filaye biyu, ota_0 da ota_1. Wadda ke gudana a ɗaya ita ke sauko da sabuwa ta rubuta a ɗayan, ba ta taɓa nata wurin. Sai ta tabbata sabuwar ta sauka cif, sa'an nan ta je wani ɗan fili mai suna otadata ta rubuta cewa tashi na gaba a bi ta can. Ɗan filin nan ma fage biyu ne na 4,096, ko wane da lambar ƙidaya, don in wuta ta yanke ana wanke ɗaya, ɗayan na nan da labari. Kuɗin wannan tsaro shi ne rabin wuri: filash mai megabayit 4 ba za ta ba ko wace manhaja cikakken megabayit 2 ba.

Saura manhajar da ta sauka lafiya, lissafinta ya dace, amma mai rubuta ta ya yi kuskure, da ta tashi sai ta faɗi. Akwai zaɓi cikin menuconfig wanda ke sa jagora ya ɗauki sabuwar manhaja a matsayin 'yar gwaji. Ya tashe ta sau ɗaya, ita kuma dole ta shaida da bakinta cewa tana lafiya. In aka sake farkawa ba ta shaida ba, sai ya soke ta ya koma ga tsohuwa. Wannan zaɓi a kashe ya ke zuwa, sai mai ƙira ya kunna, kuma ban ga hujjar mai sayar da na'ura ya bar shi a kashe ba. Sai dai shaidar ta zama ta gaskiya. Manhajar da ke cewa tana lafiya da ta buɗe ido, tun ba ta gwada ko tana iya kama Wi-Fi ta isa inda a ke aiko gyara ba, ta rufe wa kanta ƙofar komawa. Shi kansa jagora kuwa, a tsarin da aka saba, ba shi da fili na biyu. Shi ya sa ba a cika taɓa shi ta iska ba, abin da aka dasa a masana'anta da shi na'ura za ta tsufa.

Abu na ƙarshe shi ne hatimi. Lissafin SHA-256 yana kama lalacewa, amma ba ya kama mugu, gama mai mugun nufi na iya rubuta tasa manhajar ya liƙa mata lissafin da ya dace. Don haka aka sa wa ESP32 ƙananan fis na cikin jiki, bit 1,024, kashi huɗu na 256. Ko wane bit da sifiri ya ke farawa, ana iya ƙona shi ya zama ɗaya, ba ya kuwa komawa har abada. Mai ƙira ya kan yi makullai biyu masu tafiya tare, na ɓoye da na fili. Da na ɓoye ya ke buga hatimi a kan jagora da manhaja, shaidar na fili kuwa ita a ke ƙonawa cikin fis. Daga ran nan jagoran farko ba ya tashin jagora na biyu sai hatiminsa ya dace, na biyu kuma ba ya tashin manhajar da ba hatimi. Ana iya ƙarawa da rufe abin da ke filash da sirri, yadda wanda ya ɓamɓare ta ya karanta ba zai ga kome ba sai shirme. Amma a yi hattara ƙwarai. In makullin ɓoye ya ɓata, ba mai sake aika wa na'urorin nan gyara, ko mai su. In ya faɗa hannun wani, hatimin ya zama banza. ESP32 ta asali shaidar makulli guda kaɗai ta ke riƙewa, ƙannenta irin su ESP32-S3 ne aka ba wuri uku, don in ɗaya ya tonu a soke shi a koma ga wani.

A 2019 wani mai bincike, wanda ke rubutu da sunan LimitedResults, ya nuna cewa in allo na hannunka, ka girgiza wutar ƙwaya na ɗan ƙiftawa a daidai lokacin da ta ke farkawa, ana iya sa ta ta tsallake duba hatimi, har ma a karanto makullan da ke cikin fis. Espressif ya amsa abin a fili. Tun da ya ke raunin yana cikin jikin ƙwayar da ma'ajiyar dutse, ba gyaran da za a aika ta iska ko ta igiya ya kai can, sai da aka fitar da bugu na uku na ƙwayar, mai alamar V3, da sabon jagoran farko wanda ke duba hatimi iri na RSA mai bit 3,072. Wanda zai sayi ESP32 don aikin da ke bukatar hatimi, ya sa esptool ta karanto masa lambar bugun ƙwayar kafin ya ƙona fis ko ɗaya.